Iya ta rasu: shekarunta nawa ne, kuma yaya za a yi da gidanta?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Allah ya yi wa kakar mahaifinmu rasuwa makon da ya wuce a gidanta da ke Mandawari, an kai ta maƙabartar Dandolo bayan azahar. Iya muke ce mata, mu da iyayenmu da 'yan unguwa baki ɗaya. Ita ta haifi kakanmu, ta yi wa mahaifinmu wankan jarirai, ta goya ni, har 'yata sai da ta ɗora a cinya ta tofa mata addu'a. Ina roƙo ku sa ta a addu'arku.

Abu biyu suka sa na kawo maganar nan. Na farko, a zaman makoki kowa da nasa lissafin. Wasu na cewa shekararta 120, wani baffanmu ya ce ta ma haura haka, a katin zaɓenta kuwa 1940 aka rubuta, abin da ba zai yiwu ba tunda ɗanta ma bai yi nisa da wannan shekarar ba. Ina son in san gaskiya don in rubuta wa 'ya'yanmu. Na biyun shi ya fi tsaya mini a rai. Ko sadakar bakwai ba a yi ba aka fara ƙus-ƙus ɗin sayar da gidan. Nan muke haɗuwa duk Juma'a da duk Sallah. In ya tafi, ban san inda za mu ƙara ganin juna ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka da shawara.

AbuSadiq_Fagge:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Iya, ya sa ta huta, ya kyautata namu zuwan.

MamanKhalifa:
Allah ya gafarta mata. Ganin tattaɓa-kunne ma ba kowa Allah yake ba ba, balle a ce har ɗan tattaɓa-kunne ta ɗauka. Ku gode wa Allah, 'yar uwa.

Dattijon_Dala:
'Yata, Allah ya ba ku haƙuri. Katin zaɓe ki ajiye shi gefe, masu rajista kallon fuska suke yi su rubuta. Mutanen da ba su da takardar haihuwa, amma suna da sarakuna da yunwa da yaƙi, da su suke lissafi. Sarki Abbas ya rasu 1919, Sarki Usman ya yi daga nan zuwa 1926, sai Abdullahi Bayero, wanda tsofaffi ke kira Sarki Alhaji, daga 1926 zuwa 1953. Sarki Sanusi ya karɓa har 1963, Sarki Inuwa ya yi 'yan watanni, sannan Ado Bayero daga 1963 zuwa 2014. In har shekararta 120, to a 1905 aka haife ta, wato shekara biyu bayan Turawa sun ci Kano, kuma dole ta tuna zuwan jirgin ƙasa da zamanin Sarki Abbas da wayonta. Ta taɓa ba ku irin wannan labarin? Ki tuno abin da ta fi yawan faɗa na ƙuruciyarta, da abin da ake ciki lokacin da ta yi haihuwar fari.

Ummu_Hanan:
Na gode Baba. Ba ta taɓa ambatar Sarki Abbas a matsayin wanda ta gani ba. Abin da take yawan faɗa shi ne tana yarinya tana tallan fura aka ce Sarki Alhaji ya dawo daga Makka, ta ajiye ƙwaryar a wurin wata mai ƙosai ta bi ayarin yara kallo, da ta koma gida ta sha faɗa. Kakanmu kuma ta ce tana goyonsa sojojin da suka je yaƙin Bama suke dawowa.

Dattijon_Dala:
To kin gama aikin. Sarki Alhaji ya yi hajji a 1937. Yarinyar da za a ɗora wa ƙwaryar fura ta fita ita kaɗai ba za ta gaza shekara bakwai zuwa tara ba. Yaƙin Hitila ya ƙare 1945, sojojinmu na Bama suka yi ta dawowa har cikin 1946. In kin haɗa biyun, haihuwarta tana tsakanin 1928 da 1930, ta yi goyon kakanku tana da sha shida ko sha bakwai. Ke nan ta rasu tana da kamar 96.

Sarkin_Yaƙi01:
Ni ban yarda da wannan rage wa tsofaffi shekaru ba. Mutanen da suna kai 120 har 130, mu ne dai jikinmu ya lalace. A unguwarmu akwai tsohon da kowa ya san ya haura 125.

Injiniya_Bashir:
@Sarkin_Yaƙi01 ba rage mata aka yi ba, lissafi ne da abin da ita ta faɗa da bakinta. A duk duniya wadda aka tabbatar da shekarunta da takardu ta fi kowa daɗewa wata Bafaranshiya ce, Jeanne Calment, ta rasu 1997 tana da 122. A wurinmu da zarar tsoho ya ga tattaɓa-kunne sai a ce ya kai 120, an manta cewa aure da wuri ake yi, a shekara saba'in ma mace tana iya ganinsu.

Malama_Hadiza:
Ku tuna kuma Iya ba da watan Janairu take ƙirga shekara ba, da azumi take ƙirgawa. Shekarar Musulunci ta gaza ta boko da kwana goma sha ɗaya, duk shekara 33 ana samun ƙarin ɗaya. Mai 96 a boko ta kai 99 a Hijira. Wanda ya ce ta kusa ɗari bai yi ƙarya ba.

Sarkin_Yaƙi01:
To ko ma dai nawa ne, abincinsu ne sirrin. Tuwon dawa, miyar kuka da daddawa, man shanu, fura da nono mai kyau. Ba magi, ba lemon kwalba, ba taliyar leda. Ga daka da surfe da jan ruwa a rijiya. Yau yarinya 'yar talatin tana fama da hawan jini.

Nas_Zulai:
Yayana, akwai gaskiya a maganar abinci da motsa jiki, a asibiti kullum muna faɗa wa masu ciwon suga da hawan jini. Amma kada mu manta waɗanda muke gani sun tsufa su ne suka tsira. Sa'o'insu nawa ne agana da ƙyanda da sanƙarau suka ɗauke tun suna goye? Agana sai a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar an kawar da ita. Mata nawa ne suka tafi wurin haihuwa a ɗaka, ba mai ƙarin jini ba mai tiyata? @Ummu_Hanan ki tambaya, haihuwa nawa Iya ta yi, nawa suka rayu.

Ummu_Hanan:
Wannan na sani, Anti. Sha ɗaya ta haifa, huɗu suka girma. Akwai shekarar da ƙyanda ta ɗauke mata biyu a wata guda. Ba ta son a tayar da zancen, amma duk azumi sai ta dafa abin sadaka ta ce na yaranta ne. Kuma da aka fara rigakafi ita ce take tattara jikoki ta ce a kai su, duk wadda ta ƙi kai ɗanta ranar ba za ta ci abincin gidan da daɗi ba.

MamanKhalifa:
Allahu akbar. Allah ya haɗa ta da su a Aljanna.

Ɗan_Kurmi:
Mu dawo kan gidan, don shi ne mai zafi. Gidan na waye a takarda? Na mijinta ne da ba a raba ba, ko nata ne na kanta? Amsar nan ita za ta nuna su waye masu magana.

Ummu_Hanan:
Nata ne, da kuɗinta ta saya. Mijinta ya rasu tun zamanin Audu Baƙo, ta fita takaba ta karɓi tumuninta, ba ta sake aure ba. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi. Mahaifinmu ya ce lokacin da ake dalar gyaɗa a Kano, buhu-buhu ake sauke mata a soro, mata shida zuwa bakwai suna suya da matsa a tsakar gida, 'yan kasuwar Kurmi suna aiko yara da garwa. Ba ta taɓa zama a kasuwa ba, daga cikin gida take komai. Ita ce kuma uwar adashin layinsu shekara da shekaru, ba a taɓa jin kuɗin wata ya yi ciwon kai a hannunta ba. Da gyaɗa ta yi ƙasa bayan cutar da ta kama ta a 1975, sai ta koma alkaki da nakiya na biki. Da waɗannan sana'o'in ta sayi gidan, ta aurar da 'ya'ya da 'yan riƙo, ta je hajji.

Hajiya_Binta_Gwammaja:
'Yata, kin tuna mini da mahaifiyarmu. Irin matan nan a kulle suke amma rabin cinikin unguwa a hannunsu yake. Mu muka yi musu talla, mu muka kai zubin adashi gida-gida, kuɗin a ƙulle a bakin zane. Duk langa da samira da kwallar da aka jera mini a ɗaki daga ribar ƙosai suka fito, mahaifinmu gado da katifa kawai ya saya. Wace shekara Iya ta sauke farali?

Ummu_Hanan:
Cewa take ta biya kujera da fam, ta dawo ta tarar ana maganar naira.

Hajiya_Binta_Gwammaja:
To hajjin farkon 1973 ne, don ranar 1 ga Janairun shekarar aka fito da naira. Kuma hajjin da ba za mu manta ba ne. A watan ne jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda ya faɗi yana sauka a filin jirgin Kano, mutum 176 suka rasu. Ina 'yar makarantar firamare, na tuna yadda gari ya ruɗe, kowa mai alhaji ya nufi filin jirgi, ba waya ba komai. Maƙwabcinmu sai da aka kwana ana kuka a gidansa kafin a gane ba ya cikin jirgin.

Ummu_Hanan:
Wallahi Hajiya ta ba mu labarin nan. Ta ce jirginsu na bayan wannan ne, kuma akwai matar da suka yi zaman Mina tare a cikin waɗanda suka rasu. 'Yar matar nan har yau tana zuwa gaishe ta, ta zo ma gaisuwar rasuwa.

Malam_Auwal_Madabo:
Allah ya jiƙan su baki ɗaya. Game da gida, 'yata, tunda nata ne, to ya zama gado daga lokacin da ta cika. Za a fara fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi in akwai, a zartar da wasiyya in ta bari matuƙar ba ta wuce sulusi ba kuma ba ga magaji aka yi ta ba. Abin da ya rage na magada ne. Cikin 'ya'yan nan huɗu, su wa ke raye?

Ummu_Hanan:
Biyu, Malam. Ƙanin kakanmu da muke kira Baba Ƙarami, da autarta Goggo. Kakanmu ya rasu shekarun baya, haka ma ɗayar.

Malam_Auwal_Madabo:
To sai haƙuri. Gidan na mutum biyun nan ne, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. 'Ya'yan waɗanda suka riga ta rasuwa ba su da gado matuƙar akwai ɗa namiji a raye, sai in ta yi musu wasiyya ko ta ba su kyauta ta damƙa tun tana da rai. Kuma magaji in ya nemi haƙƙinsa ba a ce masa ya yi rashin kunya. Jinkirta rabon gado shi ne ya fi haifar da fitina, kotunan shari'a na garin nan cike suke da gidajen da aka bari shekara talatin, magada suka mutu suka bar magada. Abin da zan ce, ku nemi yardarsu da laluma, kada ku nuna musu yatsa.

Zee_Kabuga:
Mu an yi mana. Gidan kakarmu a cikin gari aka sayar, wanda ya saya ya rushe ya yi shaguna. Kowa ya karɓi nasa, wasu suka tafi Rijiyar Zaki, wasu Sheka, wasu Rimin Kebe. Sallar farko mun haɗu a gidan babban kawunmu, ta biyu rabi suka zo, yanzu sai biki ko mutuwa. 'Ya'yana ba su san 'ya'yan 'yar uwar mahaifiyata ba. In kuna da hali kada ku bari ya fita.

Ɗan_Kurmi:
@Zee_Kabuga na ji zafin abin, amma a faɗi ɗaya gefen. Gidan ƙasa ne fa irin na cikin badala. In ba a yi masa yaɓe ba, ba a gyara indararo ba, damina biyu ta isa ta kayar da katanga a kan mutane. Wa zai riƙa biya? Masu cewa kar a sayar yawanci suna Abuja da Kaduna, sai Sallah su zo su ɗauki hoto. Wanda ke ciki shi ke tare ruwa da bokiti.

Injiniya_Bashir:
Akwai hanya ta tsakiya, mu ita muka bi. A kira masu kimanta gida a gaban mai unguwa su yi masa kuɗi, sai zuri'a su yi karo-karo su saya daga hannun magada. Magada sun sami haƙƙinsu, gida bai fita ba. Namu mun mayar da soro da ɗaki biyu makarantar Islamiyya ta matan aure, muka yi takardar waƙafi da shaidu don kada 'ya'yanmu su zo su sake rigima a kai. @Ummu_Hanan ku nawa ne zuri'ar?

Ummu_Hanan:
An ƙirga a zaman makoki an haura ɗari da hamsin, ban da 'yan riƙo. Kuma 'yan riƙon nan su ne ban san yadda za a yi da su ba. Akwai wata baiwar Allah da iyayenta suka shigo Kano lokacin farin 1973, suka bar ta a hannun Iya tana 'yar ƙarama. Iya ta raine ta, ta aurar da ita, da mijin ya rasu ta dawo. Ita ta yi jinyar Iya duk shekarun nan da ƙafa ta ƙi, ita ke juya ta, ita ke yi mata alwala. Ba ta da ko taku ɗaya a gidan a shari'a, kuma ba ta da inda za ta.

Malam_Auwal_Madabo:
Gado ba ta da shi, amma Alƙur'ani a cikin Suratun Nisa'i ya ce in dangi da marayu da miskinai suka halarci rabo a ba su wani abu daga ciki, a faɗa musu magana mai daɗi. Ku tunatar da magada wannan. Ku bincika kuma ko Iya ta taɓa cewa ɗaki kaza na wance ne a gaban shaidu.

AbuSadiq_Fagge:
Ni shawarata a bar maganar har a yi sadakar arba'in, a tara kowa.

Ahlus_Sunnah_Kn:
Sadakar uku da bakwai da arba'in ba su da asali, a yi mata addu'a kullum ya fi.

Hajiya_Binta_Gwammaja:
Ɗana, a kan wannan muka taso, malamanmu na zaure ba su hana mu ba.

Admin_Sani:
Don Allah a bar wannan muhawarar, an sha yin ta a nan. Gaisuwar mutuwa da shawara aka zo nema.

Malama_Hadiza:
Ni abin da ya fi damuna bai kai ga ginin ba tukuna. Duk labaran nan da Ummu Hanan take kawowa, na fura da na hajji da na yaran da suka rasu, a kan mutum nawa suke yanzu? Goggo tana raye, wannan baiwar Allah da ta yi jinya tana raye. Ki ɗauki waya ki zauna da su ki naɗi muryarsu. Ki tambayi sunan iyayen Iya da kakanninta, daga ina suka zo Kano, wace sana'a suke yi, wa ya auri wa. Ki tambayi sunayen yara bakwai ɗin nan. Ki sa a koya miki alkakinta da hannu, don a baki ba ya koyuwa. Mahaifiyata ta rasu da tatsuniyoyi da waƙoƙin daka cike da kanta, yau in 'ya'yana suka ce in yi musu, farko nake iya kawowa, ƙarshen ya ɓace.

Abban_Walid:
Assalamu alaikum. An turo mini wannan zancen, kuma na ga ya kamata in yi magana, ni ɗan Baba Ƙarami ne. Ummu Hanan 'yata ce, ban ji haushin abin da ta rubuta ba. Amma jama'a su sani mahaifinmu ba kwaɗayi ne ya sa shi maganar sayarwa ba. Ya haura saba'in, yana fama da ciwon ƙoda, duk mako ana yi masa wankin ƙoda, mun sayar da abin da muke da shi. Shi ya zauna da Iya a gidan nan tun yana saurayi, shi yake gyaran soro duk shekara. In zuri'a za su saya kamar yadda Injiniya ya ce, wallahi ya fi kowa murna, kuma ya riga ya ce ɗakin Yaya mai jinya ba mai taɓa shi muddin gidan yana hannunmu.

Maganar shekaru kuma, ni na ji daga bakin mahaifinmu cewa mahaifiyar Iya tana cewa ta haife ta ne shekarar da Sarki Usman ya rasu.

Ummu_Hanan:
Baffa, ka yi haƙuri in maganata ta yi nauyi. Allah ya ba Baba Ƙarami lafiya. Zan kira ka da daddare in sha Allah.

Dattijon_Dala:
Allah ya ba shi lafiya. In maganar Sarki Usman ta tabbata, 1926 ke nan, ta rasu tana da 99 a boko, 102 a Hijira. Bai saɓa wa labarin fura ba, 'yar sha ɗaya ma tana talla. Inda zai ɗan yi wuya shi ne goyon 1945, don a zamanin ba a cika kai budurwa sha tara ba a yi haihuwar fari ba. Sai dai in kakanku ba shi ne na fari ba, akwai waɗanda suka rasu kafin shi. Ku tambayi Goggo ko Iya tana faɗin sunansa. In tana faɗa kai tsaye ba ta yi masa alkunya, to da wuya ya zama ɗan fari.

Abban_Walid:
Tana faɗa, Baba. Da sunansa take kiransa har ya rasu.

Sarkin_Yaƙi01:
Kun gani ko, shekarun sun fara hawa. A ci gaba da tambaya za a kai inda na faɗa.

Injiniya_Bashir:
@Abban_Walid in kun tsayar da ranar zama ku sa a kimanta gidan kafin ranar, mutum biyu daban-daban, don a zo da adadi a hannu. Ku buɗe asusu guda da sa hannun mutum uku, ɗaya daga kowane ɗaki. Kuma ku sa wa'adi, saboda mara lafiya ba zai jira karo-karon shekara biyu ba.

Nas_Zulai:
Kafin a gama haɗa na gidan ma, mutum ɗari da hamsin za su iya ɗaukar nauyin wankin ƙodar nan na wata-wata. A fara da wannan.

Ummu_Hanan:
Na tura wa mahaifinmu duk abin da aka rubuta. Ya ce ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai je wurin Baba Ƙarami shi da Baffa. Ni kuma gobe zan je wurin Goggo da waya. Malama Hadiza, don Allah ki turo mini tambayoyin da kika ce ta akwatina, kada in manta wasu.